Keken ɗinki kuma bana? Muhawara kan kuɗin tallafin zawarawa

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kafin zaman kwamiti na ƙarshen wata ina so in kawo wata magana nan, don kowa ya tofa albarkacin bakinsa, har waɗanda ba sa samun zuwa zama. Shekara huɗu ke nan duk kuɗin da muka tara na zawarawa da iyayen marayu, keken ɗinki muke saya, mu haɗa da horon mako biyu na ɗinki, sabulun ruwa da man shafawa. Makon jiya ni da Maman Walid muka bi gida-gida muka duba mata 12 da muka ba keke bara. Huɗu ne kawai ke ɗinki. Biyar sun sayar. Sauran ukun keken na ƙuryar ɗaki, an lulluɓe shi da zane an jera kwanuka a kai. Ɗaya ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ta ce a layinsu kaɗai teloli mata shida ne, ɗinkin kuma sai salla ta matso. Na dawo gida zuciyata a jagule. Shawarata ita ce bana mu ɗauki mata kaɗan, ko shida ne, mu kai su su koyi aikin sola, wayarin, gyaran famfo ko gyaran waya, mu kuma tsaya musu har su fara samun na kansu.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, na ji zafin da kika ji. Amma mace da tsani a kafaɗa tana hawa rufin mutane? Wa zai aure ta bayan haka? Yawancin yaran nan ba su wuce talatin ba, aure muke musu fata. Kada mu je neman gyara mu ɓata musu suna a unguwa.

Maman Walid: Ni tela ce shekara 19, da keke na aurar da 'ya'ya biyu, don haka ba zan yarda a raina ɗinki ba. Amma abin da Maman Ilham ta faɗa da idona na gani. Laifinmu ne. Mun ba mutum keke bayan mako biyu, alhali ni sai da na shekara uku a ƙarƙashin uwar ɗakina kafin ta bar ni in yanka atamfar mutane. Waɗanda suka sayar kuma kada a zage su. Ɗaya ɗanta aka kwantar a asibiti.

Baban Sadik: Hajiya, ranki ya daɗe, bari in yi magana a matsayin wanda ke cin abinci da aikin nan. Ni wayarin na koya, yanzu kusan duk aikina ya koma sola. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 janareta ya gagari mutane da yawa, sannan a Afrilu 2024 aka kai kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Mai shago, mai sayar da ƙanƙara, mai kemis, kowa sola yake nema. Hawa rufi kuwa yini ɗaya ne, ranar da za a ɗaura fanel. Sauran aikin duk a ƙasa yake, kuma a cikin gida yake: lissafa abin da gida zai ja, haɗa batir, saita kwantirola da inbata, jan waya zuwa ɗakuna, sannan dawowa lokaci-lokaci a duba ruwan batir a goge bakinsa.

Ga abin da nake fama da shi kullum. In je gida, a bakin ƙofa an rubuta "ba shiga". Maigida yana kasuwa ko yana Abuja. In zauna a soro in yi ta kiran waya, ƙarshe a ce in dawo ranar Lahadi. Inbata na kuka kwana huɗu, firiza ta narke, matar gida ta yi asarar ƙanƙara da zoɓonta, alhali fis ne kawai ya ƙone. Da ina da mace a cikin yarana, minti goma ta shiga ta fito. Wallahi na daɗe ina wannan tunani.

Maman Ilham: Wannan ita ce maganar da na kasa faɗa da kyau. Allah ya saka da alheri Baban Sadik. Mu da muke cikin gidajen mun sani. Famfon banɗakina ya yi wata guda yana zuba, don maigidan ya ce ba mai shiga sai yana nan.

Hajiya Babba: To wannan na ji. Shiga wurin mata 'yan'uwanta daban. Amma koyon fa? A ina za ta koya? Ba a shagon maza ba?

Ummi: Salam iyayena. Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Aurena ya mutu ina da goyo na wata bakwai. Yayana ne ya kai ni wurin abokinsa mai gyaran waya, na yi wata 14 a can. Abin da Hajiya ke tsoro gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Ogana mutumin kirki ne, amma maƙwabtan shago sun sa na yi kuka ba sau ɗaya ba. Wani in ya ga oga ya tafi salla sai ya zo ya tsaya a kaina yana maganganu. Babu banɗakin mata a duk layin, sai in ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama ni. Amma abin da ya kusa sa in bari ba wannan ba ne, kuɗin mota ne. Adaidaita sahu biyu zuwa, biyu dawowa, kuma mai koyo ba a biyan sa. Akwai makon da na zauna gida kwana uku don babu ko sisi, kunya kuma ta hana ni gaya wa oga.

Yanzu teburina na cikin ɗakin mahaifiyata, kusa da taga don haske. Ina da bulowa mai hura iska mai zafi, mita, dalma, da ƙananan sukundireba a cikin gwangwanin madara. Sau ɗaya a mako nake shiga kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano in sayo sikirin da wurin caji. Kusan duk masu kawo min gyara mata ne. Mace za ta zauna a gefena a kan tabarma, in buɗe wayarta a gabanta, in gyara in miƙa mata. Ba ta fargabar wani zai ga hotunanta na cikin ɗaki. Wata amarya ta ce min wayarta ta yi wata biyu a durowa da fasasshen sikirin, don ta gwammace ta zauna babu waya da ta bar ta a hannun namiji.

Maman Walid: Allah sarki Ummi. Duk wannan kika sha ba mu sani ba? Yaron fa, wa ya riƙe miki?

Ummi: Mama ce, Anti. Da babu ita da ban yi ko wata ɗaya ba. Akwai wadda muka fara tare, ita ba ta da mai riƙe mata 'ya'ya, ta bari a wata na uku. Kuma ta fi ni saurin ganewa.

Anti Ladi: Ina koyarwa a makarantar fasaha a Kaduna, kuma maganar Ummi ita ce ainihin darasin. Mu kan ɗauka kuɗin koyo shi ne matsala. Sau da yawa shi ne mafi sauƙi. Matar da ba ta da hali tana faɗuwa ne a wuraren da ba a rubuta su cikin kasafi: kuɗin mota, abincin rana, mai raino, da abin da za a ci a gida a watannin da ta bar tuyar awara ta tafi koyo. In ba za mu ɗauki waɗannan ba, kada ma mu fara.

Ga wani abu da zai ƙarfafa mana gwiwa. Bankin Duniya ya yi bincike a Uganda, aka fitar a 2015, kan matan da suka shiga sana'o'in da aka saba gani a hannun maza, irin su walda, kafinta da aikin lantarki. An samu suna samun kusan ninki uku na abin da matan da suka tsaya a ɗinki, kitso da girki ke samu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yawancin waɗanda suka tsaya a sana'o'in mata ba su ma san akwai wannan tazara ba. Kuma da yawa daga waɗanda suka tsallaka, wani namiji ne a dangi ko cikin sanayya ya fara nuna musu hanya, kamar dai yayan Ummi. Don haka kada mu yi wannan abu a bayan idon iyaye da yayye maza. Da su za a yi.

Alhaji Ƙarami: Ni fa ina da ja. Samarinmu nawa ne ke zaune a bakin titi babu aikin yi? Su ne za su riƙe gida gobe. In kuɗi ya samu na koyon sola, ai su suka fi cancanta. Mace a ba ta jari ta yi sana'arta a ɗaki, shi ke nan.

Maman Ilham: Alhaji, da girmamawa, kuɗin nan da sunan zawarawa da marayu aka tara shi. Kuma matan nan ba gobe za su riƙe gida ba, yau suke riƙe da shi. Wadda ta riƙe hannuna 'ya'ya biyar take ciyarwa, mijinta shekara uku da rasuwa. In ana son a buɗe asusun samari, ni ce ta farko da zan saka.

Alhaji Ƙarami: Ban ce kada a taimake su ba. Cewa na yi kowa da inda ya dace da shi. Amma na ji.

Baban Sadik: Alhaji, gidan da zan tura mace ai ba gidan da saurayi zai shiga ba ne. Ba ta ƙwace masa komai ba.

Malam Na'ibi: Bismillah. An yi ta kirana a waya in ce wani abu. Sana'ar hannu ga mace ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, tana jima tana ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Ya kuma tabbata a Sahihu Muslim cewa an saki innar Jabir ɗan Abdullahi, ta so ta fita ta girbe dabinonta, wani ya hana ta, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izini. Abin kiyayewa shi ne sutura, da kauce wa keɓancewa da namiji, da yardar miji ko waliyyi. Saboda haka kada a kai mace ɗaya shago ita kaɗai. A kai su bibbiyu ko uku-uku.

Sai wata mas'ala da ma'aji ya kamata ta lura. Na san akwai zakka a cikin kuɗin nan. Zakka haƙƙin waɗanda aka ambata ne a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mallaka musu ake yi. In kwamiti na nufin ya sayi kayan aiki ya ba da aro don kada a sayar, to kada a saya da kuɗin zakka. A ware. Na zakka a damƙa musu a hannu su yi kuɗin mota da cefane, na sadaka da gudummawa a sayi kayan aro.

Hajiya Babba: Allah ya gafarta Malam, wannan gyara ne babba. A littafina daban na rubuta su, ba zai yi wuya ba.

Anti Bilki: Sannunku da gida, yanzu na taso daga aiki na karanta duka. Kada ku ɗauka mu kaɗai ke da wannan matsala. Nan Amurka ma mata ba su kai biyar cikin ɗari na masu aikin hannu a wuraren gini ba. Tun 1992 suka yi doka ta musamman don tallafa wa shigar mata irin waɗannan sana'o'i. A nan Chicago akwai ƙungiyar Chicago Women in Trades, mata masu sana'ar ne da kansu suka kafa ta a 1981. Abin da suke yi da nake so mu ara shi ne share fage. Kafin a tura mace wurin koyo na gaske, sai ta yi wasu makonni kyauta a tsakanin mata 'yan'uwanta, ana koya mata lissafi, awo da tef, sunayen kayan aiki, da yadda ake ɗaukar kaya mai nauyi. Ranar da ta shiga cikin maza ta riga ta san filaya ta san sifana, ba mai yi mata dariya. Zan ɗauki nauyin kayan aikin mutum biyu in Allah ya yarda.

Maman Walid: Allah ya ƙara buɗi Bilki. Amma ina da tambaya. Rabin matan da ke jerinmu ba su gama firamare ba. Wasu allo kawai suka yi. Lissafin wutar nan za su iya?

Baban Sadik: Anti, lissafin bai fi na adashi wuya ba. Ƙwan fitila mai wat 10 in ya yi awa biyar a kunne ya ci 50. Fanka mai wat 60 a awa takwas ta ci 480. Haka za ki bi kayan gida ɗaya bayan ɗaya ki tara, daga nan ki san girman batir da yawan fanel. Batir biyu masu bolt 12 in kika haɗa kan wannan da gindin wancan sun zama 24. A nan ƙasar fanel kudu yake kallo, a ɗan kishingiɗe, kuma da hunturu sai ana share masa ƙura, in ba haka ba caji ya ragu. Abin da ba na wasa da shi shi ne tsaro. Batir ba ya gargaɗi. Sifana ta taɓa kawunansa biyu lokaci ɗaya, sai tartsatsi da ƙuna. Zobe da awarwaro duk sai an cire kafin a taɓa aiki, mayafi kuma a ɗaure shi tamau.

'Yar Maraɗi: Ina gaida ku daga Nijar. Kan maganar karatu, akwai wata makaranta a ƙauyen Tilonia na ƙasar Indiya, Barefoot College, da Bunker Roy ya kafa a 1972. Suna ɗauko mata daga ƙauyukan Afirka da wasu ƙasashe, da yawansu kakanni ne da ba su taɓa shiga aji ba, su yi wata shida suna koyon haɗa fitilun sola da gyaransu. Ba harshe ɗaya suke ji da malaman ba, da launin waya da nuni da hannu ake koyarwa. Sun ma buɗe reshe a Zanzibar. Dalilin da ya sa suke zaɓen manyan mata shi ne, saurayi in ya ƙware birni yake tafiya, ita kuwa tana nan cikin garinta. Mu nan muna da asusun FAFPA na koyon sana'a, amma a garinmu in ka leƙa ajin 'yan mata, ɗinki da saƙa za ka fi tararwa. Ciwonmu ɗaya.

Anti Ladi: Kuma ba sai mun je Indiya neman misali ba. Sandra Aguebor, wadda ake kira mace bakanikiya ta farko a Najeriya, ta kafa shirinta na horar da mata kanikanci tun 2004. A Sakkwato ma ƙungiyar Nana ta buɗe garejin gyaran mota na mata. Sakkwato fa, garin da Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta tura ta ƙauye ta karantar da mata a cikin gidajensu. Tsarin da nake hango mana ke nan: shidan farko su zama jajin na bayansu, ta yadda rukuni na biyu a hannun mata za su fara koyo.

Sai maganar takarda, kada mu manta da ita. Mace za ta iya aiki sarai, amma in asibiti ko makaranta za su ba da kwangilar sola, shaida suke tambaya. Akwai gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'a da fasaha. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke nan Kaduna kuma tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya iya da hannunsa a ba shi shaida, ko da a bakin titi ya koya. Da shi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta yi aiki da masu sana'ar kasuwar Panteka. Sannan a leƙa ofishin NDE, hukumar samar da aikin yi, da na ITF, asusun horar da ma'aikata, a ji ko suna da gurbi, tun da aikinsu ke nan. A sa kuɗin rajistar gwaji a cikin kasafi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhaji Ƙarami: In ta gama ta yi aure, mijin ya ce ba ta fita fa? Kuɗinmu ya tafi ke nan.

Ummi: Baba Alhaji, akwai mai nemana yanzu. Ranar da ya fara zuwa na nuna masa teburina na ce da shi zan tare. Ya ce ya ji ya gani. Wanda ya zo ya tarar da mace da sana'arta ya san abin da ya tarar.

Hajiya Babba: Allah ya tabbatar da alheri 'yar nan, ya sa abokin zama ne. Ni dai ga sharuɗɗana kafin in sa hannu a fitar da ko kwabo. Zan je shagon Baban Sadik da ƙafata in ga inda za su zauna, inda za su yi salla, da inda za su kewaya. Za a kira waliyyin kowace a gaban mai unguwa ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda. Kuma a samu mace ɗaya a cikinmu da za su riƙa kai wa kuka a asirce in wani ya yi musu maganar banza, don na san ba za su iya gaya wa oga ba. Hawa rufi kuma har yanzu raina bai kwanta da shi ba.

Baban Sadik: Na amince da duka, Hajiya. Rufi yarana maza za su hau, sai wadda ta ce da kanta tana so. Mutum uku zan iya ɗauka, ba zan karɓi kuɗin koyo ba. Banɗaki ne ba ni da shi, amma gidan ƙanwata na bayan shagon, zan yi mata magana yau. Sauran ukun sai a nema musu wurin famfo da waya.

Ummi: Zan iya ɗaukar biyu a ɗakin Mama, in za a ƙara min bulowa ɗaya da benci. Abin da ya fi ƙarfina, kamar aikin cikin allon waya, sai in kai su wurin ogana tare da ni.

Maman Walid: Masu goyo su kawo min yaran shagona da safe, 'yan matana za su taya ni. Amma kada a soke keke gaba ɗaya. Huɗun nan da ke ɗinki a bar min su in ƙara musu wata shida, su iya yanka sosai.

Maman Ilham: Na rubuta duka. Saura mai gyaran famfo da zai karɓi mace, kuma bisa maganar Malam ba za mu kai ta ita kaɗai ba, sai dai su zama biyu, jimla bakwai ke nan. Hajiya, kuɗin zai kai? Don Allah wanda ya san mai aikin famfo mai mutunci a tsakanin Kurna da Rijiyar Lemo ya yi min magana ta gefe kafin Alhamis.

Hajiya Babba: Bari in buɗe littafi bayan isha'i in lissafa kuɗin motar mutum bakwai na shekara guda, in ga abin da zai rage. Baban Sadik, Asabar da ƙarfe goma ina nan tafe, ni da Maman Ilham.